Mai Usur da Bokitin Gumi

Mai Usur, malamin wasanni, bai taɓa shiga taron malamai ya fito bai gyara wa wani magana ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, usur ɗinsa na wuya ko wanka zai shiga, kuma idan bakinsa za a bi, babu abin da bai iya ba a duniya. Ya ce ya taɓa yin tsere da motar haya ya riga ta isa tasha, har ya zauna ya jira ta. Ya ce shi a ka yake lissafi, kalkuleta ta ragwaye ce. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga ciki, amma ba mai yin musu da shi sai wanda ya tashi ba shi da aikin yi.

Abu guda ne ba cika baki a cikinsa, wato son da yake wa filin wasan makarantar. Shi ya tsince duwatsun filin, shi ya dasa ciyawar, shi yake shafa wa ƙarafan raga fenti da hannunsa. Idan akuya ta shigo ta ci ciyawar nan, sai ya wuni ba ya magana da kowa.

Ran nan Mai Makaranta, wata hajiya mai yawan hidima da yawan waya, ta tara malamai ta ce ta zo da sabon tsari.

"Daga wannan zangon," in ji ta, "an daina tara makin yaro a raba da yawan darussa kamar duk ɗaya suke. Kowane darasi da nauyinsa. Lissafi biyar, kimiyya huɗu, harshe huɗu, tarihi uku. Za a ninka makin yaro da nauyin darasin, a tara, sannan a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fita shi ne matsakaicin makinsa, da shi za mu san na ɗaya da na ƙarshe."

Mai Usur ya ɗaga hannu. "Wasanni fa, Hajiya?"

"Ɗaya."

"Ɗaya da me?"

"Ɗaya da kansa, Malam. Kuma tunda ka tayar da maganar, darasin da nauyinsa ɗaya bai kamata ya riƙe fili mai wannan girman ba. Ɗakin kwamfuta nake so in gina a wurin."

Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. "Ranki ya daɗe, wa ya auna? A wane sikeli aka ɗora lissafi aka ga biyar? Ni fa na karanci awon darussa, kawai dai ba na son faɗa ne."

Daidai nan wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce ta haihu a wani gari mai nisa, mota na jiran ta a ƙofa. Ta miƙe tana neman jakarta, ta ce masa don dai ta rabu da shi, "To, idan kana da ma'aunin da ya fi nawa, auna ka kawo mini ranar taron iyaye." Kafin motarta ta fita daga layin, Mai Usur ya riga ya sanar da kowa cewa an naɗa shi shugaban awon darussa.

Da ya koma gida, matarsa ta same shi a tsakar ɗaki da almakashi, yana yanka zanin gado ƙanana-ƙanana.

"Baban yara, lafiya? Wannan ai sabon ne."

"Ilimi nake yi. Hankici ne, kowane ɗalibi ɗaya."

"Da zanin gadona?"

"Ke dai saurara. Mene ne alamar aiki mai wuya? Gumi. Darasin da ya fi sa yaro gumi shi ya fi nauyi. An gama magana. Masana sun yi shekaru suna neman wannan, ni a hanyar dawowa na gano shi."

"Kai da jiya aka ba ka ayaba ka raba wa yara uku, ka cinye biyu don lissafin ya daidaita?"

"Ya daidaita ko bai daidaita ba?"

Ta dube shi, ta dubi zanin, ta je ta kulle sauran a akwati. Da ta fita unguwa ya cire labulen falo.

Washegari ya bayyana a makaranta da bokiti, da tulin hankici, da sikelin ɗakin shan magani na makaranta, irin wanda ake hawa a tsaye. Tsarin ba wuya. Idan darasi ya ƙare, kowane ɗalibi ya goge goshi da wuya ya jefa hankicinsa a bokiti. Mai Usur ya rungumi bokitin ya hau sikeli. Tun da safe, kafin ya karya, ya auna kansa da bokitin ba komai ya ga kilo saba'in, ya rubuta da alli a bangon ɗakin malamai. Saboda haka duk abin da ya haura saba'in, shi ne nauyin darasin.

Malamar Lissafi, doguwa mai gilashi wadda ba ta taɓa ɗaga murya, ta tsaya ta karanta rubutun bangon.

"Malam, idan kai ka ƙara nauyi fa?"

"Ni? Shekara ashirin jikina bai motsa ba, Malama. Jikin ɗan wasa ne."

"Idan yaro yana da zazzaɓi fa?"

"Ya ci riba."

Ta gyara gilashinta ta koma ajinta, ta buɗe tagogi, ta kunna fanka, ta ci gaba da koyarwa kamar ba abin da ke faruwa.

Awon farko ya yi wa Mai Usur daɗi. Wasanni ya ba da kilo biyu, sauran darussa kuwa allurar sikeli ko motsi ba ta yi ba. Har tsallen kwaɗon da yake sa makararru kullum da safe a bakin ƙofa ya sa a lissafi, ya raɗa masa suna wasannin safe, yana ba da maki gwargwadon tsayin tsalle. Ya shiga ɗakin malamai yana taku ɗai-ɗai, ya ce duk wanda darasinsa ya fito sifili kada ya damu, shi mutum ne mai tausayi, zai nema masa aikin riƙe tuta a fili.

Wannan maganar ce ta tayar da malamai. Ba wanda ya yarda da bokitin, amma ba wanda yake so Hajiya ta dawo ta tarar da sifili a gaban sunan darasinsa.

Malamin Kimiyya ne ya fara. Ya ce an zo babin zafi, ya kunna risho huɗu a aji, ya rufe ƙofa. Babin zafin nan ya ƙi ƙarewa. Malamin Tarihi ya ce shi ba ya koyar da yaƙi a zaune, ya raba aji biyu, ya ba su tsintsiya da murfin tukunya, suka yi ta fafatawa a baranda har wata daula ta faɗi a kan tukunyar fulawa. Malamar Harshe ta rubuta wasan kwaikwayo a kan wasu matafiya da suka ɓata a ƙasar ƙanƙara, ta ce dole kowa ya zo da rigar sanyi da hular sanyi, a tsakiyar watan zafi. Yara suna karanta "wayyo sanyi" gumi na ɗiga daga haɓarsu a kan littafi.

Bokiti ya fara nauyi. Mai Usur ya ga kimiyya na neman kamo wasanni, ya ƙara wa yara zagaye biyar na fili. Malamin Kimiyya ya ƙara risho.

Ran nan bokitin tarihi ya zo yana tsiyaya, hankici na iyo a ciki. Mai Usur ya tsoma yatsa ya lasa.

"Malam, wannan ruwan famfo ne."

"Yaran ne ba sa cin gishiri a gida," in ji Malamin Tarihi.

Daga ranar aka kafa doka: ba a karɓar bokiti sai shugaban awo ya ɗanɗana. Daga ranar kuma gishiri ya fara ɓacewa a kicin ɗin makaranta, mai dafa abinci tana ta zargin ɓeraye.

Unguwa ta shiga uku. Wani tela da ke tsallaken titi ya ɗauke kekensa ya koma can ƙarshen layi, ya ce warin hankicin da ake shanyawa a katanga yana kore masa masu ɗinki. Iyaye mata suka gaji da wanki. Wata ta zo har bakin ƙofa ta ce ɗanta yana dawowa gida ya kafa kai a randa ba ya ɗagowa, tana so ta san makaranta ta kawo shi ko gidan burodi. Mai Usur ya ce ta gode wa Allah, ilimi ne yake fita ta fatarsa.

"Fita yake yi?" in ji ta. "Ni na ɗauka shiga ya kamata ya yi."

"Sai tsoho ya fita sabo yake samun wuri, Hajiya."

Malamin Tarihi ne ya fara lura da wani abu. Duk bokitin da aka auna bayan Mai Usur ya ci abinci, sai ya fi nauyi. Bai gaya wa kowa ba. Ya dai fara zuwa da kwanon shinkafa, ya ce matarsa ce ta ce a kawo wa shugaban awo, ya ci kafin ya hau sikeli kada jiri ya ɗebe shi. Sirri a ɗakin malamai ba ya kwana. Malamin Kimiyya ya zo da burodi da shayi kofi uku. Malamar Harshe ta zo da kankana guda, ta tsaya a kansa har ya ga bayanta. Mai Usur ya ci, ya yi gyatsa, ya hau sikeli, ya ce lallai malamai sun fara ƙoƙari. A gida yana ba matarsa labarin yadda ake girmama shi, tana sauraro tana matsar masa da maɓallin wando.

Malamar Lissafi kaɗai ce ba ta kawo ko ruwan sha ba. Ranar awon darasinta kuwa ta zo daidai da ranar da kankana ta ɓata masa ciki, ya wuni yana safa da marwa zuwa bayan gida. Ya rungumi bokitinta mai busassun hankici ya hau, allura ta tsaya a sittin da tara.

"Ƙasa da sifili," in ji shi, yana girgiza kai. "Ɗaya a ƙasa. Malama, darasinki rage wa yaro maki yake yi. Duk wanda ya ci lissafi da yawa, shi ya fi asara."

"Haka sikelin ya ce?"

"Ni ba ruwana. Ga shi kina gani."

"To. Idan ka zo haɗa matsakaicin, kada ka manta a raba da jimillar nauyi."

"Raba?" Ya dafe ƙirji. "Yaro ya yi gumi a kan makinsa, ni in zo in raba? Da wa? Ni ninkawa nake yi, ba na rage wa ɗan kowa."

Ta dube shi ta saman gilashi, ta ce Allah ya kai mu ranar taro.

Ranar taron iyaye aka kafa rumfuna a cikin filin, a kan ciyawar da Mai Usur ya yi wa aski da kansa. Hajiya ta dawo a safiyar nan, ba ta san komai ba, ta dai tambayi dalilin da makarantar take warin safa. Iyaye suka cika kujeru. Matar Mai Usur ma ta zo, ta ce ko ƙyalle ɗaya ne na labulenta sai ta koma da shi.

Mai Usur ya karɓi lasifika, ya busa usur a cikinta, jarirai biyu suka fashe da kuka.

"Iyayen yara, yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ilimi. Ga nauyin darussa kamar yadda aka auna a zahiri. Wasannin safe, goma sha huɗu. Wasanni, goma sha uku. Tarihi, goma sha ɗaya. Kimiyya, goma. Harshe, tara da kankana, wato tara da rabi. Lissafi, ɗaya a ƙasan sifili."

Hajiya ta ajiye wayarta a kan tebur.

"Wanda ya zo na ɗaya a makarantar nan gaba ɗaya," ya ci gaba, "da maki dubu huɗu da ɗari biyu cikin ɗari, shi ne Sarkin Latti."

Sarkin Latti wani zabgegen ɗan aji shida ne da bai taɓa ganin taron safe ba, saboda haka ba wanda ya kai shi gwanintar tsallen kwaɗo. Aka yi ta kiran sa, shiru, bai iso ba tukuna. Mahaifinsa, wani direban babbar mota, ya miƙe a hankali.

"Malam, a sake dubawa. Ɗana ne, na san shi. Ko sunansa sai ya tambayi na kusa da shi."

"Alhaji, ɗanka haziƙi ne. Cinyoyinsa kaɗai sun isa shaida."

"Cikin ɗari ka ce? Dubu huɗu a cikin ɗari? Ni kaya nake ɗauka, Malam. Ta ina suka shiga?"

"An danna su."

Wata mata ta miƙe daga baya, tana riƙe da hannun 'yarta, siririyar yarinya da tun shigarta makarantar ba a taɓa ƙwace mata na ɗaya ba. Likita ya hana yarinyar gudu saboda ƙirjinta, kuma ba ta taɓa makara ba.

"Tawa fa?"

Mai Usur ya duba takardarsa. "Ta ƙarshe. Laifinta biyu, Hajiya. Ba ta makara, sannan ta ci ɗari a lissafi. Da ta faɗi lissafin da ta ɗan matso sama."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye. Nan fa wuri ya yamutse. Wani ya ce a dawo masa da gishirin da ɗansa ya kwashe daga gida, wata ta ce rigar sanyi ta fito wa 'yarta da ƙuraje. Malamin Kimiyya ya fara zamewa ta bayan rumfa.

Mai Usur ya ɗaga hannu biyu. "Ku natsu. Wanda bai san ilimi ba dole ya yi hayaniya. A kawo sikeli, a kawo bokiti. Ku duba, ba komai a cikinsa. Zan hau yanzu a gabanku, za ku ga saba'in cif, ku san awona ba cuta."

Ya juya bokitin ya bubbuga gindinsa, ya rungume shi, ya hau. Direban ya matso ya durƙusa ya leƙa allurar.

"Tamanin da biyu."

"Ka duba da kyau, Alhaji."

"Na duba. Tamanin da biyu. Bokiti ba komai ya ba da goma sha biyu. Malam, wane darasi ne wannan? Ya fi kimiyya."

Mai Usur ya shanye ciki, allura ba ta motsa ba. Ya cire takalmi. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Daga cikin mata aka ji muryar matarsa, ba ta ko ɗaga ta sosai ba.

"Shinkafar Malamin Tarihi ce."

Dariya ta ɓarke har da masu faɗowa daga kujera. Malamin Tarihi ya ce shi sadaka ya yi. Malamar Harshe ta ce ita kankana ɗaya ce tak, a tambayi mai burodi. Daidai lokacin Sarkin Latti ya shigo fili yana hamma, ya ga malamin wasanni a tsaye, ya kama kunnuwansa ya fara tsallen kwaɗo ba wanda ya sa shi.

Iyaye suka ce a kori Mai Usur yanzu-yanzu. Hajiya ta bari suka gaji, sannan ta karɓi lasifika. Ta ce Malamar Lissafi za ta sake haɗa makin kowa yadda ya kamata, da ninkawa da rabawa. Ta kira yarinyar nan ta zaunar da ita kusa da ita. Sannan ta juya wajen Mai Usur, wanda har yanzu yake kan sikeli da takalmi a hannu.

"Ba zan kore shi ba. Malam ya gamsar da ni cewa na raina wasanni. Daga yau nauyinsa biyar, daidai da lissafi."

Bakin Mai Usur ya tafi har kunne. Ya sauko, ya ɗaga bokitin sama, ya juya yana kallon malamai ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Na faɗa muku. Ranki ya daɗe, dama na san ke kaɗai za ki fahimce ni."

"Ƙwarai. Kuma ka san ƙa'idar darasi mai nauyi biyar. A aji ake yin sa, a zaune, kullum, da allo da littafi da jarrabawar rubutu."

"Haka ne, haka ne. Ni ma abin da zan ce ke nan."

"Madalla. Tunda a aji za ka koyar, filin ba shi da sauran aiki. Magina za su fara zuwa ranar Litinin."

Yana cikin gyaɗa kai maganar ta isa inda za ta isa. Ya sauke bokitin a hankali, ya juya yana kallon ciyawarsa.

Ranar Litinin aka ba shi aji a bene, mai taga tana kallon fili. Ya zana ƙwallo a allo, ta fito kamar ƙwai, ya rubuta a ƙasa: yadda ake buga ƙwallo. Yara suka buɗe littafi suna kwafa, fanka na juyawa a kansu. A waje tifa ta shigo da baya ta juye yashi a tsakiyar ciyawar, wasu mutum biyu suka sa zarto a gindin ƙarfen raga. Ya tsaya da alli a hannu yana kallo, har ƙarfen ya karkata ya kwanta.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Bai juyo daga tagar ba.

"Zai fito," in ji shi. "Ku rubuta da kyau. Nauyinsa biyar."